Darasi na 9: Ragowar Zoɓo a Tukunyar Nama

A ƙasar Faransa, idan an buɗe kwalbar jar giyar inabi ba a shanye ba, ba a zubar da ragowar. Iska tana shigarta, cikin 'yan kwanaki ta fara tsami, sai ta koma ɗakin girki. A yankin Burgundi ana dafa naman sa da ita, tare da albasa da karas, a kan wuta kaɗan har awa biyu ko uku. Abu biyu mai girkin ke nema: tsami mai ratsa nama, da launi mai duhu a miya.

Masu aikin kuku a otal, da masu koyon girki ta waya, suna cin karo da irin wannan abinci. Za ku ji ana cewa wai wuta tana ƙone giyar duka. Ba haka ba ne. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta fitar da lissafi a kan haka. Bayan minti 15 a kan wuta, kashi 40 cikin 100 na sinadarin da ke sa maye yana nan. Bayan awa ɗaya, saura kashi 25. Ko an kai awa biyu da rabi, akwai kashi 5. Don haka Musulmin da ke gudun giya kada ya dogara da tafasa.

To, tsamin da launin ai muna da su a gida. Zoɓo ne. Sau da yawa ana dafa shi don biki ko buɗa-baki, ya yi saura, a zubar. Asara ce.

Tun kafin ku sa sukari, ku ɗebi kofi ɗaya ku ajiye gefe. Wanda aka riga aka zuba wa sukari da abarba ba ya yi, zai mai da miya kamar alewa. In kuwa ya kwana a waje har ya fara kumfa yana wari, ya lalace, a zubar da shi.

Ku sami naman sa rabin kilo, ku yanka manya-manya. A soya shi a mai kaɗan har ya yi ja, a kwashe. A nan ne ake son haƙuri, domin naman da bai soyu ba miyarsa salam take fita. A soya albasa biyu da tafarnuwa da citta a cikin man. Sannan a zuba zoɓon, a sa muciya a kankare ƙanzon da ya kama gindin tukunya. Daɗin miyar yana cikin ƙanzon nan, kuma tsamin zoɓo ne ke narkar da shi. A mayar da naman, a ƙara ruwa kofi biyu, da tumatir, da karas, da gishiri. A rufe, a rage wuta, a bar shi kamar awa biyu.

Kada a jefa kanwa. Tana kashe tsamin, launin ma ya dushe. Idan kun ɗanɗana kun ji tsami ya yi yawa, dabino ɗaya ko biyu sun isa su daidaita shi. Tukunyar ƙasa ko ta silba mai kauri wadda ba ta tsatsa ta fi ta dalma, saboda tsami yana cin dalma. Ana ci da shinkafa, ko dankalin Turawa, ko gurasa.

Aiki: ku rubuta kayan haɗin miyar nan a littafinku, kowanne da adadinsa. Idan naman kilo ɗaya ne, kofi nawa na zoɓo za a zuba?