Matakan Koyon Salon Maganar Turanci Domin Hira

Mataki na farko shi ne ka ajiye haddar dogayen jerin kalmomi, ka koma sauraron masu harshen yayin da suke hira, domin a bakinsu ake gane salon maganar da har yanzu ake amfani da shi, wato maganganun da ma'anarsu ta bambanta da ta kalmomin da ke cikinsu. Shirin "The English We Speak" na BBC ya dace da wannan aiki, saboda gajere ne, kuma magana ɗaya yake ɗauka ya bayyana ta.

Na biyu, idan ka ji wata magana, ka rubuta ta tare da jimlar da ta zo a ciki, da wanda ya faɗe ta, da wanda aka faɗa wa. Mutumin da ya ce yana "under the weather" ba ya jin daɗin jikinsa ne, babu ruwan zancensa da hadari ko ruwan sama.

Na uku, ka duba ƙamus irin na Cambridge ko Oxford, ka ga ko maganar ta raha ce ko ta tsufa. A ganina wannan ne matakin da masu koyo suka fi tsallakewa, kuma a nan ake shan kunya. "Kick the bucket" tana nufin mutuwa, amma cikin barkwanci ake faɗarta, saboda haka ba ta da gurbi a wajen ta'aziyya ko a gaban shugabanka na aiki.

Na huɗu, kada ka musanya kalmomin cikin irin waɗannan maganganu, domin yawancinsu a tsaye suke yadda aka gada.

Daga nan sai ka zaɓi biyu ko uku ka sa su a hirarka cikin mako, kafin ka ƙara wasu.