Ɗura Harsashin Libarba da Hannu: Awo da Haɗarin Zubi Biyu

A Amurka, inda doka ta yarda, masu wasan harbi kan tattara kwanson da suka harba su sake ɗura shi a gida. A Najeriya kuwa haramun ne yin haka ba tare da lasisi ba.

Awon albarushi daga littafi ake ɗaukarsa, irin na Lyman, Hornady ko Speer, ko daga jadawalin awo na kamfanin da ya yi albarushin, kamar Hodgdon da Alliant. A can an gwada kowane awo da na'urar auna matsi. Duba wuri biyu, ka tabbata sunan albarushin, nauyin kan harsashin da irinsa duk sun dace da abin da ke gabanka, domin kan dalma zalla da mai rigar tagulla ba awonsu ɗaya ba. Fara daga mafi ƙanƙantar awon da aka rubuta, ka hau sannu a hankali. Wasu albarusai, kamar H110, ba a rage su ƙasa da abin da jadawalin ya ce.

Da giren ake awo, giren 7,000 ne laba ɗaya. Kafin ka fara, gwada sikelinka da ma'aunin da aka san nauyinsa. Gwangwanin albarushi ɗaya tak za ka ajiye a kan tebur.

Babban haɗarin yana cikin kwanson .38 Special, wani nau'in harsashin libarba. Tun 1898 aka ƙera shi domin baƙin albarushi mai cin wuri, shi ya sa yake da zurfi. Albarushin zamani mai saurin ci ɗan kaɗan ake zubawa, ya kwanta a ƙasa, har a zuba sau biyu kwanson bai cika ba. Iyakar matsin da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin bindigogi da harsasai a Amurka, ta sa masa psi 17,000 ne (psi ma'aunin matsi ne), zubi biyu kuwa kan zarce wannan nesa, ya tsaga gangar bindigar, wato ɓangaren da ke juyawa mai ramukan harsasai, a hannun mai ita. Don haka jera kwansunan da ka zuba wa a cikin faranti mai ramuka, ka haska tocila, ka leƙa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda tsayin albarushinsa ya bambanta da na sauran, juye shi ka sake.

Kwanson da aka manta ba a zuba masa ba shi ma masifa ne. Firaima, wato 'yar hular da ke gindin kwanso mai kunna albarushi, ita kaɗai kan tura kan harsashin ya maƙale cikin bututu. In ka ji ƙara maras ƙarfi, dakata, buɗe gangar, zare harsasan, ka duba bututun kafin ka sake taɓa kunama.

Firaima ta zauna ƙasa kaɗan da gindin kwanso. Shafa da yatsa za ka ji. Kada ka tura kan harsashi ya wuce zurfin da littafi ya faɗa, matsi zai ƙaru. Sannan lanƙwasa bakin kwanson cikin tsagin kan, in ba haka ba girgizar harbi za ta zaro kan harsasan da ke sauran ramukan gangar har ta ƙi juyawa.

Sa tabarau na kariya, ka wanke hannu saboda dalma, ka rubuta awo da kwanan wata a jikin kowane kwali.