Yadda Ake Gane Zafin Dare da Kukan Gyare

Jikin gyare ba ya riƙe ɗumi irin namu, zafin wurin da yake shi ne zafin jikinsa. Namiji ne ke kuka don kiran mace, ta hanyar goga fikafikansa na gaba da juna. Idan dare ya yi ɗumi sai ya riƙa gogawa da sauri, idan sanyi ya sauko sai kukan ya yi nauyi. A 1897 wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Amos Dolbear, ya wallafa lissafin da ke haɗa saurin kukan da zafin iska. Ga yadda za ka gwada a nan Sakkwato.

Ka bari sai bayan isha'i, a damina ko farkon kaka lokacin da gyare ya yi yawa. A kashe janareta.

Sai ka ware gyare ɗaya, kuma nan ne aikin yake. A fadamar Kwalkwalawa kukan kwaɗi da na ƙwari kan cakuɗe har kunne ya rasa na kamawa, don haka tsakar gida ta fi. Nemi wanda ya laɓe a gindin randa ko cikin tsagar katanga, mai kuka yana yankewa, ƙir, ƙir, ƙir. Mai jan kuka ba tsayawa ba ya ƙirguwa, ka ƙyale shi. Kada ka matsa kusa ko ka haska masa tocila, nan take zai yi tsit.

Saita agogon wayarka a kan sakan 25, ka ƙirga kukan. Raba adadin gida uku, ka ƙara 4. Idan ka samu 66, kashi ɗaya cikin uku 22 ne, ka ƙara 4, zafin ya kama digiri 26 a ma'aunin Salsiyas. Maimaita sau uku ka ɗauki matsakaici.

Sai dai lissafin ya fi dacewa da wani gyaren bishiya na Arewacin Amurka, namu kuwa jinsinsa daban. Shi ya sa nake ganin ya kamata ka rataye ma'aunin zafi kusa da maɓoyarsa, ka riƙa rubuta lambobin biyu a littafi dare bayan dare. Idan tazarar da ke tsakaninsu ba ta canzawa, sai ka gyara wannan 4 ɗin ya dace da gyaren gidanku. Yara 'yan firamare za su iya riƙe littafin, kuma suna jin daɗin ƙirgar.