Hasken Dare Ba Arziki Ba Ne: Kurakuran Sababbin Masu Binciken Tattalin Arzikin Yankuna

Tun da hotunan tauraron ɗan'adam suka zama kyauta a intanet, kowane kundin ɗalibi sai ka tarar da taswira ja da kore, a ƙarƙashinta kuma ikirarin da ya fi ƙarfinta. Kurakuran kuwa kullum iri ɗaya ne, har na gaji da rubuta gyara ɗaya a gefen takarda.

Babbansu, wanda ya taɓa cinye min babi guda sukutum, shi ne ɗaukar hasken fitilun dare da tauraron ɗan'adam ke ɗauka daga sama a matsayin ma'aunin arziki. Dabarar tana da asali. A 2012 masana tattalin arziki Henderson, Storeygard da Weil sun nuna cewa idan hasken ƙasa ya ƙaru da kashi 10, tattalin arzikinta yakan ƙaru da kusan kashi 3. Amma ƙasashe suka auna, a tsawon shekaru. Kai kuma ka ɗauko dabarar ka ɗora wa ƙananan hukumomin karkara a shekara ɗaya tak. Haba! Gonar gero tana kunna fitila ne? Kasuwar Dawanau da rana take ci, tireloli na lodin hatsi, dare na yi ta yi tsit. Na'urar VIIRS kuma, wadda ke ɗaukar hoton hasken daga tauraron ɗan'adam, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare take wucewa, lokacin da mai shago ya kashe janareta ya yi barci. Tsohuwar na'urar, ta taurarin DMSP, wadda bayananta suka tsaya a 2013, ma'auninta daga 0 zuwa 63 ne, don haka tsakiyar kowane babban birni 63 take nunawa, hasken kuma yana malala kan ƙauyukan da ke kewaye. Mafi ban haushi, na ga wanda ya jera wani ƙauyen Neja Delta a sahun masu arziki, alhali gas ɗin da ake ƙonawa a rijiyar mai ne ya haska masa taswira. Ni dai yanzu ba na taɓa lissafi sai na goge wuraren ƙona gas, ba na haɗa DMSP da VIIRS a jeri ɗaya, kuma duk wurin da ya yi haske fiye da yadda na san shi, sai na buɗe hoton rana na ga ko rufin gidaje ne ko daji.

Na biyu: "an yi hanya, gari ya bunƙasa, saboda haka hanya ce ta bunƙasa shi." Ruwa ba ya tsami banza. Gwamnati ba ta zuba kwalta da ka, inda kasuwa ko ƙuri'a take can take kai ta. Kano ta yi ɗaruruwan shekaru tana kasuwanci kafin layin dogo ya iso ta a 1911. Wanda ya tsallake wannan tambaya bai yi bincike ba, talla ya yi wa ɗan kwangila. Ku duba wahalar da manya suke sha. Benjamin Faber, a bincikensa na 2014 kan manyan titunan Sin, sai da ya zana hanyar da za a bi da a ce sauƙin gini kawai aka duba, sannan ya gano cewa gundumomin gefe da titin ya ratsa sun fi waɗanda bai ratsa ba jinkirin bunƙasa, bunƙasar masana'antunsu ta ja baya. Dave Donaldson kuwa ya samu cewa layin dogon Indiya na zamanin mulkin mallaka ya ɗaga kuɗin shigar noma da kashi 16. Ka ga amsar ba ɗaya ba ce. Kuma don Allah, kafin ka yi murnar shagunan da suka cika bakin sabon titi, leƙa tsohuwar kasuwar da ke bayan gari, wataƙila ƙaura kawai suka yi.

Sauran ba sa buƙatar dogon surutu. Kada ka kwatanta jihar Kano ta 1985 da ta yau, Jigawa tana cikinta har 1991. Ni nakan mayar da komai kan tsohuwar iyaka. Ƙananan hukumomi 774 ba shaidu 774 ba ne, maƙwabta ruwan sama ɗaya suke sha, kasuwa ɗaya suke ci, sai ka gwada ma'aunin Moran, mai nuna yadda maƙwabta ke kama da juna, ka gyara lissafinka da hanyar Conley, mai la'akari da wannan kamanceceniya. Nisa a miƙe kan taswira bai san damina ko shingen hanya ba, tambayi direba kuɗin lodi. Yawan jama'ar da kake raba komai da shi hasashe ne daga ƙidayar 2006, ka faɗi haka a fili.

Sai iyaka. Ɗalibai sukan yanke taswira a Jibiya kamar duniya ta ƙare a nan. Jenny Aker da abokan aikinta sun bi farashin gero da wake tsakanin Nijar da Najeriya, suka ga tasirin iyakar yana raguwa inda ƙabila ɗaya ce a ɓangarorin biyu. In kana nazarin farashin hatsi a Katsina, sa kasuwar Maraɗi cikin lissafinka.