Yadda ake koya wa 'yan aji batun farfaɗiya

Malamai sun sha tambayata yadda nake gudanar da wannan darasi. Ga shi, minti 30 ya isa.

1. Tambayi yara abin da suka ji game da farfaɗiya.
2. Rubuta amsoshinsu a allo. Za ka ji "aljanu", za ka ji "miyau". Kada ka gwasale kowa.
3. Faɗa musu ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukarsa ta miyau ko taɓawa. Nanata wannan sosai, domin tsoron miyau ne ke sa a watse a bar yaro shi kaɗai a ƙasa.
4. Shimfiɗa tabarma, ɗalibi ɗaya ya kwanta kamar wanda farfaɗiya ta kama.

Hattara: kada ka zaɓi mai ciwon, kada ma ka ambaci sunansa.

5. Sa wani ya janye benci daga kusa da shi.
6. Wani ya ninke riga ya tallafe kan wanda ke kwance.
7. A juya shi ya kwanta a gefe ɗaya.

Hattara: ba a cusa cokali a baki, ba a ba shi ruwa, ba a danne shi.

8. Koya musu duba agogo. In jijjigar ta wuce minti 5, sai asibiti.
9. Sanar da su cewa kusan 7 cikin 10 na masu ciwon suna daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace.