Yadda Ake Lissafa Shekarun Kakannin Farko a Littafin Farawa

A ajin manya na makarantar Lahadi da nake koyarwa a nan Gombe, ba a taɓa isa sura ta 5 ta Littafin Farawa ba tare da wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai da gaske ne Metusela ya yi shekara 969 a duniya?" Da zarar an yi tambayar sai aji ya rabu biyu, wasu suna cewa tantama zunubi ne, wasu kuma suna cewa ai watanni ake nufi. Abin da na lura shi ne yawancin masu gardamar ba su taɓa zama sun haɗa lambobin da hannunsu ba, alhali kuwa aikin bai wuce na awa ɗaya ba. Shawarata ita ce a fara yin lissafin kafin a buɗe baki, kuma ga yadda ake yin sa.

Ka tanadi Littafi Mai Tsarki na Hausa, da fensir, da abin gogewa, da rula, da farar takarda guda biyu. Kada ka yi amfani da biro, domin za ka yi kuskure aƙalla sau ɗaya. A takardar farko ka ja layuka tsaye, ka ware gida biyar: sunan mutum, shekarunsa sa'ad da ya haifi ɗan da aka ambata, shekarun da ya ƙara bayan haihuwar, jimlar shekarunsa, sai gida na ƙarshe wanda za ka bar shi babu komai tukuna. Nassin ne zai cika maka gidaje huɗu na farko, domin kusan kowane mutum a surar an ba da labarinsa da tsari iri ɗaya. Adamu ya haifi Shitu yana da shekara 130, ya ƙara 800, jimla 930. Shitu ya haifi Enosh yana da 105, ya rasu yana da 912. Haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya: Enosh 90 da 905, Kenan 70 da 910, Mahalalel 65 da 895, Yared 162 da 962, Anuhu 65 da 365, Metusela 187 da 969, Lamek 182 da 777. Nuhu ne na goma, kuma jimlar tasa, wato 950, sai a ƙarshen sura ta 9 za ka same ta.

Gida na biyar shi ne ainihin aikin, domin a cikinsa za ka rubuta shekarar da aka haifi kowane mutum idan aka fara ƙirge daga Adamu. A nan ne mutane da yawa suke ɓata lissafi, suna tara jimlar shekarun rayuwa, kamar sai da uba ya mutu aka haifi ɗansa. Lambobin gida na biyu kaɗai ake tarawa. An haifi Shitu a shekara ta 130. Ka ƙara 105, ka sami Enosh a 235. Daga nan Kenan a 325, Mahalalel a 395, Yared a 460, Anuhu a 622, Metusela a 687, Lamek a 874, Nuhu a 1056. Tun da sura ta 7 ta ce Nuhu yana da shekara 600 lokacin ruwan tsufana, ruwan ya faɗo ke nan a shekara ta 1656. Idan ba ka sami wannan adadi ba, ka koma ka duba Yared, domin shi ne aka fi rubuta wa 62 maimakon 162.

Yanzu ka ɗauki takarda ta biyu, ka kwantar da ita ta faɗi, ka mai da kowane santimita ɗaya ya zama shekara 100. Ka ja wa kowane mutum layi daga shekarar haihuwarsa zuwa ta rasuwarsa, layi ƙarƙashin layi kamar matakala. Layin Adamu zai kai santimita tara da ɗigo uku. Sa'ad da na fara zana wannan a allo da alli, wani dattijo ɗan Kaltungo da ke zaune a bencin gaba ya taso, ya sa yatsa a ƙarshen layin Adamu, ya gangaro da shi ƙasa a hankali har ya taɓa layin Lamek, sannan ya juyo ya ce, "Ashe uban Nuhu ya ga Adamu da idonsa?" Bisa lissafin, Lamek yana da shekara 56 sa'ad da Adamu ya rasu, kuma Nuhu ne mutum na farko a jerin da aka haifa bayan rasuwar. Sai kuma ka tara 687 da 969, za ka sami 1656, wato Metusela ya rasu a shekarar ruwan tsufana daidai, ɗansa Lamek kuwa ya riga shi da shekara biyar. Nassin bai ce ruwan ne ya ci Metusela ba, bai kuma ce ba shi ba ne, saboda haka kada ka sa masa magana a baki.

Sura ta 11 tana da irin wannan jeri daga Shem, ɗan Nuhu, zuwa Ibrahim, sai dai ba ta ba da jimla ga yawancinsu, kai ne za ka haɗa. Za ka ga layukan suna gajarcewa, amma a tsalle-tsalle: Shem 600, sannan Arfakshad 438, Shela 433, Eber 464, sai kwatsam Feleg ya faɗo 239, Nahor kuma 148. Akwai wurare biyu da za ka yi taka-tsantsan. Na farko, ka fara ƙirge daga 1658, domin aya ta 10 ta ce an haifi Arfakshad shekara biyu bayan ruwan. Na biyun ya fi nauyi. An ce Tera ya haifi Abram (wato Ibrahim) da Nahor da Haran yana da shekara 70, wanda zai sa haihuwar Ibrahim a 1948. Amma Tera ya rasu a garin Haran yana da 205, Ibrahim ya bar Haran yana da 75, kuma Ayyukan Manzanni 7:4 ta ce bayan rasuwar mahaifinsa ne ya tashi. In haka ne, an haife shi Tera yana da 130, wato a 2008, kuma ba shi ne ɗan fari ba ko da yake shi aka fara ambata. Ka zana layukan biyu, ɗaya da fensir mai kauri, ɗaya da ɗigo-ɗigo. A lissafin farko Ibrahim yana da shekara 58 sa'ad da Nuhu ya rasu a 2006, har ma Shem ya rayu shekara 35 bayan Ibrahim. A na biyu kuwa Ibrahim da Nuhu ba su yi zamani ɗaya ba sam. Tazarar shekara 60 ce kaɗai, amma ta sauya hoton gaba ɗaya.

Kafin ka ɗauki 1656 a matsayin adadin da ba ya motsi, ka sani cewa lambobin da ke cikin fassararmu ta Hausa sun fito ne daga matanin Ibrananci da malaman Yahudawa da ake kira Masorawa suka adana. Akwai wasu tsofaffin matani biyu masu lambobi dabam. Fassarar Girkanci da aka fara a Iskandariya ta Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, wadda ake kira ta Mutum Saba'in, ta ƙara wa yawancin kakannin shekara 100 kafin haihuwar ɗa, ta kuma rage ta daga abin da ya biyo baya, saboda haka Adamu ya haifi Shitu yana da 230, jimlarsa kuwa tana nan 930. A wasu kwafe na wannan fassara ruwan ya zo a 2242, kuma Metusela ya wuce ruwan da shekara 14 alhali ba ya cikin jirgi, matsalar da ta dami malaman Ikkilisiya na farko. A wasu kwafen kuma adadin 2262 ne, inda matsalar ta kau. Attaurar Samariyawa ta sa ruwan a 1307, kuma a cikinta Yared da Metusela da Lamek duk sun rasu a wannan shekarar. Fassarar Girkancin har tana da ƙarin wani Kenan tsakanin Arfakshad da Shela, wanda za ka same shi a Luka 3:36 amma ba za ka gan shi a Farawa 11 ta Hausa ba. Wanda ya san wannan ba zai riƙa faɗin shekarar halitta da gadara ba, ko da yake Babban Bishop James Ussher na Armagh a ƙasar Ailan ya yi hakan a 1650, ya ce shekara ta 4004 ce kafin haihuwar Almasihu.

Da takardarka a hannu, yanzu kana iya gwada kowane bayani da aka kawo maka. Mafi sauƙin gwadawa shi ne na masu cewa "shekara" a nan wata ake nufi. Idan ka raba 969 gida 12 za ka sami kusan 81, abin da ke da daɗin ji. To, ka raba 65 ma, za ka tarar Mahalalel da Anuhu sun zama iyaye suna 'yan shekara biyar da wata biyar. Ban da haka, labarin ruwan da kansa yana rarrabe rana da wata da shekara, tun da ya ce ruwan ya fara a rana ta 17 ga wata na biyu a shekara ta 600 ta Nuhu. A ganina wannan bayani ya faɗi, kuma ba yau ya faɗi ba, domin malamin Ikkilisiya Agustin na Hippo ya riga ya rushe makamancinsa da irin wannan hujja tun ƙarni na 5.

Bayani na biyu shi ne cewa jerin yana da giɓi, wato "ya haifi" na iya nufin jika ko tattaɓa-kunne. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, mu da muke kiran mutum ɗan wane alhali wanen kakan kakansa ne, kuma Matiyu 1:8 ta tsallake sarakuna uku tsakanin Yoram da Azariya. William Henry Green na Princeton a Amurka ya yi wannan hujja a 1890. Amma ka lura da iyakarta: tana iya tsawaita nisan da ke tsakanin Adamu da Ibrahim, ba ta rage wa Metusela ko shekara ɗaya ba.

Na uku ya fi ɗaukar hankalina, kuma kana iya ganinsa da idonka. Ka dubi lambar ƙarshe ta kowane adadi a sura ta 5, za ka ga duk suna ƙarewa da 0, 2, 5, 7 ko 9, babu 1, 3, 4, 6 ko 8 ko sau ɗaya. Kowane adadi ana iya raba shi da biyar daidai, ko kuwa irin wannan adadi ne da aka ƙara masa bakwai, kamar 912 da yake 905 da 7, ban da 969 da aka ƙara wa bakwai sau biyu. Anuhu, na bakwai a jerin, ya yi 365, adadin kwanakin shekarar rana, Lamek kuwa 777. Can gaba, 175 na Ibrahim bakwai ne sau biyar sau biyar, 180 na Ishaku biyar ne sau shida sau shida, 147 na Yakubu uku ne sau bakwai sau bakwai. Wannan ne ya sa wasu masana suke ganin an tsara lambobin don girmamawa da koyarwa, musamman tun da maƙwabtan Ibraniyawa ma suna da irin wannan al'ada. Jerin sarakunan Sumer na tsohuwar Iraƙi, wanda wani kwafinsa na yumɓu yake gidan tarihi na Ashmolean a Oksfod, ya ce sarakuna takwas sun yi mulki shekara 241,200 kafin wani babban ruwa, na farkonsu Alulim ya yi 28,800, bayan ruwan kuma adadin ya ragu. Kusa da waɗannan, Metusela yaro ne. Duk da haka tsari a cikin lambobi alama ce, ba hujja yankakkiya ba, kuma masu ɗaukar shekarun yadda aka rubuta su suna da dogon tarihi a bayansu, tun daga Yosifus, marubucin Yahudawa na ƙarni na 1, wanda ya danganta tsawon ran da irin abincin zamanin da kuma ƙaunar da Allah yake yi musu. Abin da bai kamata ka yi ba shi ne ka ce kimiyya ta tabbatar da shi, domin mafi tsawon rai da takardu suka tabbatar shi ne na Jeanne Calment ta Faransa, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122.

Idan za ka tattauna batun da maƙwabcinka Musulmi, kamar yadda yakan faru a gindin bishiya a unguwanninmu na Gombe da Bauci, ka faɗi abin da kowane littafi ya ce daidai. Aya ta 14 ta Suratul Ankabut ta ce Annabi Nuhu ya zauna cikin mutanensa shekara dubu ba hamsin, wato 950, adadin da Farawa ta bayar a matsayin dukan rayuwarsa. Lambar ɗaya ce, abin da aka ƙirga ne ya bambanta, kuma faɗin haka a fili ya fi a yi ta cewa "ai duk ɗaya ne".

Mataki na ƙarshe shi ne ka ƙarasa zanen zuwa ƙasan takarda da Yusufu mai 110 da Musa mai 120, sannan ka rubuta Farawa 6:3 da Zabura 90:10 a gefe, ta farko mai maganar shekara 120, wadda wasu suke ɗauka iyakar rayuwa ce wasu kuma wa'adi kafin ruwan, ta biyu mai maganar 70 ko 80. Daga nan ka buɗe Farawa 47:8-9, inda Fir'auna ya tambayi Yakubu shekarunsa, shi kuma ya ce 130 ne, ya kira su kaɗan, masu wahala, waɗanda ba su kai na kakanninsa ba. Ka ɗora rula a kan layin Adamu, ka auna santimita ɗaya da ɗigo uku daga farkonsa, ka sa ɗan ɗigo a wurin. A wannan shekarar ce aka haifi Shitu, Adamu kuma yana da sauran 800 a gabansa.