Yadda ɗaliban aikin jinya za su kare kansu daga sukar allura

'Ya'yanmu da ke karatun aikin jinya a Legas, musamman waɗanda ake turawa koyon aiki a manyan asibitoci irin su LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja, sukan fara riƙe allura tun hannunsu bai gama faɗawa ba. Saboda haka, kafin ku shiga ɗakin majinyata, ku fara karɓar riga-kafin ciwon hanta nau'in B, wanda ake yi sau 3: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku kuma wata 6 bayan ta farko. Idan allurar da ta taɓa jinin mai wannan ciwo ta soki wanda bai yi riga-kafi ba, haɗarin kamuwa yana tsakanin kashi 6 zuwa 30 cikin 100, alhali na cutar ƙanjamau, wadda aka fi jin tsoro, kusan mutum 3 ne cikin 1,000.

A bakin aiki, ku wanke hannu, ku sa safar hannu, amma ku sani cewa allura tana huda safa. Ku ajiye kwalin zubar da allurai inda hannunku zai kai tun kafin ku taɓa majinyaci. Da zarar kun zare allura, kada ku mayar mata da murfi da hannu biyu, domin a nan ne ake yawan sokewa, kada kuma ku lanƙwasa ta ko ku bar ta a kan gado. Ku jefa ta cikin kwalin tare da sirinjinta, kuma a rufe kwalin idan ya cika kashi 3 cikin 4, saboda masu shara da ma'aikatan LAWMA, hukumar kula da shara ta jihar Legas, da za su kwashe shi su ma masu iyali ne.

Idan kuwa tsautsayi ya gitta, ku wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana. Kada ku tsotse shi, kada ku matse shi, kada ku zuba masa bilic.

Sai abin da ya fi damuna, wato shiru. Ɗalibi yakan ɓoye yatsansa saboda kunya ko tsoron faɗan sista, ya ce zai faɗa gobe, alhali magungunan kariya daga ƙanjamau da ake kira PEP suna da ƙayyadadden lokaci: an fi so a fara su cikin sa'o'in farko, ba a wuce sa'a 72, kuma ana shan su kwana 28 ba fashi. Ku sanar da sista mai kula da ɗakin a take, ko da tsakar dare ne, ko da kuskuren naku ne, domin a rubuta abin da ya faru, a gwada jininku, a kuma nemi yardar majinyacin a gwada nasa. Faɗan da za a yi muku ba zai wuce yini ɗaya ba. Ku koma duk gwajin da aka sa muku rana a watannin da ke biye, domin ciwon hanta nau'in C ba shi da riga-kafi, gano shi da wuri ne ke ba da damar magance shi.